Ranar da Aka Zaɓi Falonmu a Bariki

Masu bibiyata, ku yi mini afuwa. Na ga saƙonninku, har da mai cewa ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ina fa! Wallahi ba jan aji nake yi ba, hankalina ne ba ya jikina, ga farar ƙasa a ƙarƙashin faratana har yanzu ta ƙi fita.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Naziha, 'yar Staf Sajan Salihu. A bariki aka haife ni, a bariki na yi wayo, nan Yola. Wanda nake so sunansa Haidar, injiniyan gini ne, gidansu na Jimeta. Tun ina zaman Sangere, ina shekarar farko a jami'a shi yana ta ƙarshe, muke tare. Manyansa sun aiko neman izinin su zo gaisuwa ranar Asabar mai zuwa, Baba ya ce zai yi tunani. In kun san soja kun san wannan tunanin, ba a tambayarsa ina ya kwana.

Ana cikin haka sai ga labari wai an turo kwamiti daga Abuja, za su zagaya barikoki su ga abin da ya lalace, su ƙiyasta kuɗin gyaran da kowane yake bukata. Kamfanin da Haidar yake aiki aka ce ya ba da injiniya ɗaya ya bi su, kamfanin kuma ya ba da Haidar. Ranar da ya faɗa mini, rawa na taka a tsakar ɗaki, saboda bangonmu.

Bangon da ya raba falonmu da ɗakin kwanan maƙwabciyarmu Keturah ya tsage tun daga ƙasa har silin. Ina ƙarama tsagar kamar zare take. Bayan damunar bara ta buɗe har Keturah takan miƙo mini dunƙulen magi ta ciki in miyarmu ta gaza, mu yi ta dariya. Mijinta Kofur Philemon yana can daji wajen aiki, ita kaɗai ce da jaririyarta Debbie. Haidar kuwa ranar da ya fara ganin tsagar, ajiye cokali ya yi, ya durƙusa ya daɗe yana leƙe.

"Wannan ba filasta ba ce ta fashe," ya ce. "Ƙasan ginin ne yake zama. Ruwa mai ƙarfi biyu ko uku, ban san abin da zai faru ba."

Tun daga nan na daina dariyar magi. Don haka da na ji shi ne zai zo da masu kuɗin gyara, sai na ce Allah ya kawo mana ƙarshen fargaba. Na manta a ina nake zaune.

Ku da ba ku taɓa zaman bariki ba, bari in ba ku labarin yadda muke karɓar manyan baƙi. Duk dutsen da ke bakin hanya sai an shafa masa farar ƙasa. Bishiyoyi ma ana shafe su har ƙugu, kamar an sa musu safa. A yanke ciyawa, a ɓoye awaki, kada a ga shanya ko ta ɗankwali. Sannan a kowane bulok a zaɓi gida ɗaya da baƙi za su shiga, maƙwabta kowa ya kawo abin da ya fi kyau a ɗakinsa a ƙawata gidan. Mai kujeru ya kawo, mai talabijin ya kawo, mai kafet ya naɗo. Baƙi su shiga su yaba, su fita, kowa ya zo ya ɗauki kayansa. Tun kafin a haife ni haka ake yi, ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

RSM Wilson, wanda duk wani ƙaramin soja da iyalinsa ke ƙarƙashin tsawarsa, shi ya zo da kansa da yamma. Ina kicin ina yanka kuɓewa, kunnena yana falo.

"Staf, gidanka za mu nuna," ya ce. "Madam naka yana da tsabta, kowa ya sani."

"Yes sa," in ji Baba.

Na ji takun takalminsa ya tsaya a gaban bangon.

"Wannan kuma, cover am. Oga ba ya son kunya a gaban baƙi. Ka ji ko?"

"Yes sa."

"Ehen. Na ji wannan yaro da yake zuwa wajen yarinyarka yana cikin kwamiti. To, in magana ya fita, mun san ƙofa da ya bi. Ni dai na faɗa maka as a brother."

Saura kaɗan in haɗa da yatsana. Yana fita Baba ya ƙwala mini kira. Na zo na durƙusa, Dada, mahaifiyata, tana gefe tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

"Kin ji abin da aka ce?"

"Na ji, Baba. Amma ai mutanen nan don su ga ɓarna suka zo. In aka rufe, me za su gyara?"

"Ke aka tambaya?" Bai ɗaga murya ba, kuma Baba ya fi ban tsoro in bai ɗaga ba. "Tun kafin a haife ki nake sa kakin nan, ba a taɓa tsayar da ni gaban ofisa a kan surutu ba. Soja ba ya tsallake shugabansa ya kai kukan gidansa wajen baƙo. Na rubuta a kan bangon nan ta hanyar da aka ce a bi, ba sau ɗaya ba. Saura ƙiris in ajiye aiki, sunana yana cikin waɗanda ake dubawa a ƙara wa girma. Ba zan fita da tambarin ɗan gulma ba."

Ya nuna wayata da ke hannuna.

"Ki faɗa wa yaron nan. In ya shigo gidana ya riƙe bakinsa, na san yana ganin girmana, manyansa su zo. In ya tona ni a gaban Kwamanda, ko hanyar get kada ya ƙara bi."

Da ya fita masallaci Dada ta matso ta dafa kafaɗata. "Ɓingel am, 'yata, ki lallashi Haidar. Bango ya yi shekaru yana tsaye, ba a kanki zai fara faɗuwa ba. Miji irin Haidar kuwa ba kullum ake tsinta ba."

Na shige ɗaki na rubuta masa. Ga yadda muka yi, ban rage komai ba.

Ni: Gidanmu aka zaɓa. Za a rufe tsagar. Don Allah in kun shigo kada ka ce komai.

Haidar: Wasa kike yi?

Ni: Baba ya ce in ka yi magana babu zancen Asabar. Babu zancen komai.

Haidar: Naziha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk ginin da muka rubuta lafiya lau, an cire shi daga kasafin gyara. Ba a sake zagayen nan sai bayan shekaru.

Ni: Na sani.

Haidar: Kin san wa ke kwana a bayan bangon nan.

Ni: Na ce na sani! Kana so na ko ba ka so na?

Jama'a, kada ku zage ni, na riga ku. Ina turawa na ji kunyar kaina, amma ban goge ba. Ya daɗe yana rubutu yana sharewa, ina kallon ɗige-ɗigen nan suna rawa a saman waya. Daga ƙarshe abin da ya shigo gajere ne: "Shi ke nan. Ba zan fara magana ba. Amma kin ɗora mini abin da ban san yadda zan ɗauka ba."

Washegari bulok ɗinmu ya koma kamar gidan biki. Matar Kofur na ƙarshen layi ta kawo kujerunta masu ruwan zuma, waɗanda ko 'ya'yanta ba ta bari su hau. Wata ta kawo talabijin bango guda, ba mu da inda za mu jona shi, aka rataye shi haka nan. Aka shimfiɗa jan kafet mai warin kafur. Magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, ita ta ba da doguwar shogilas ɗinta cike da tangaran ɗin da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, sojoji huɗu suka ɗauko ta suna nishi.

Kafin a jingina ta, ni aka sa na cusa tsummokara a cikin tsagar, na liƙe da takardar buhun siminti, na bi da farar ƙasa. Ina yi yashi yana zubo mini a hannu. Inda shogilas ba ta kai ba ta sama, Dada ta rataya hoton Ka'aba mai faɗi. Da muka gama na ja baya na duba, wallahi ni kaina sai da falon ya burge ni, kuma abin ya ƙara ba ni haushi.

Ranar zuwansu tun da sassafe zafin Yola ya sauko, irin mai nuna hadari na tafe. Aka tayar mana da janareta, mu da muka saba da fitilar caji. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli. Dada ta sa leshin da ta je bikin ƙanwarta a unguwar Makama da shi. Baba kuwa kakinsa ya sha sitaci har yana ƙara in ya motsa. Magajiya ta bi gida-gida tana maimaita mana karatu: in an tambaye ku, babu matsala, mun gode.

Motoci suka tsaya. Kwamanda a gaba, sai shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura cikin farar shadda, an ce tsohon hafsa ne. Bayansa wata mata da gilashi tana ɗaukar hoto da babbar waya, sai RSM yana zare ido. Haidar ne na ƙarshe, da rigar aiki mai ɗaukar ido a kan farar shat, tef ɗin awo a ƙugunsa. Fuskarsa kamar wanda bai yi barci ba. Bai kalle ni ba, nima na sunkuyar da kai ina leƙensa ta ƙasan mayafi.

Baba ya ƙame ya sara. Dattijon ya yi sallama ya shigo, ya zauna a kujerar aro ya shafa hannunta.

"Masha Allah. Staf, ashe kuna jin daɗi haka?"

"Muna godiya, sa!"

Ya juya wajen Dada cikin sakin fuska. "Hajiya, ke ce mai gida. Mu don mu ji damuwarku aka turo mu. Yoyo, ruwa, bango, komai. Akwai matsala?"

Dada ta saci kallon Baba. "Babu, ranka ya daɗe. Mun gode."

"Ke fa, 'yata?"

Ni yake nufi. Na buɗe baki, na ji idon Baba a gefen fuskata kamar garwashi. "Babu," na ce, muryar ma ba tawa ba.

"To madalla. Injiniya, kana da abin cewa?"

Haidar ya tako tsakiyar kafet. Ya dubi silin, ya dubi taga, sannan idonsa ya sauka a kan shogilas ya tsaya. Ya san abin da ke bayanta fiye da kowa a ɗakin. Hannunsa ya kai kan tef ɗinsa, ya sake shi. Sai a lokacin ya kalle ni, kallo ɗaya, ni kuma na girgiza masa kai kaɗan yadda ba wanda zai lura.

"A abin da aka nuna mana, yallaɓai, ban ga komai ba."

Dattijon ya miƙe yana gyara hula, ya dubi matar nan mai gilashi. "Kin ji, Madam. Wannan bulok fenti kawai yake so. Abin da aka yi niyyar warewa nan a mayar wa inda suka fi bukata, wurare da yawa suna jira." Matar ta danna wayarta, ta ɗauki hoton shogilas ɗin Magajiya, suka fita. RSM har da ɗaga wa Baba babban yatsa a ɓoye.

Na samu abin da na roƙa. Ku tambaye ni ko na ji daɗi. Ji na yi kamar na haɗiyi dutse, na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya ba tare da na san me nake nema ba.

Bayan azahar aka kashe janareta, aka wuce da baƙi mes ɗin hafsoshi cin abinci, Baba ya bi su wajen tsaron ƙofa. Masu kaya suka fara zuwa. Kujeru suka tafi, talabijin ya tafi, aka naɗe kafet aka bar mana simintinmu mai ramuka. Gabas ta fara haɗa baƙin hadari, iska tana kaɗa kwanon rufi. Sojojin nan huɗu suka dawo ɗaukar shogilas. Suna janye ta sai takardar da na liƙa ta ɓalle, tsummokaran suka zubo, wani guntun bulo kamar rabin kwarya ya biyo su ya fashe a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya yi tsalle gefe yana salati, suka ɗauki kayansu suka fice.

Na durƙusa in share. Ta cikin ramin ina hango ɗakin Keturah sarai. Debbie tana kwance a katifa jikin bangon, daga ita sai kamfai saboda zafi, ta dunƙule hannu tana barci, ga ƙurar siminti a gashinta.

Fuskar Keturah ta leƙo ta ramin, tana murmushi.

"Naziha! Sun gani ko? Yaushe za su fara gyara?"

Na ci gaba da tattara guntayen bulo.

"Ni da na ji gidanku aka zaɓa, na ce Allah ya yi. Jiya Philemon ya samu netwok ya kira, yana ta damuwa da bango, ya ce ruwa ya kusa. Na ce masa kwantar da hankalinka, saurayin Naziha yana cikin masu dubawa, shi ya san wannan bango. Ya ce in gaishe shi, in ce Allah ya yi masa albarka."

"Keturah, ki matsar da katifar nan," na ce.

"In kai shi ina? Ɗayan gefe yana yoyo." Ta yi dariya. "Ba komai, tunda za su gyara."

Aka yi wata tsawa daga nesa, ta wajen kogi. Debbie ta firgita ta fara kuka, Keturah ta juya ta ɗauke ta tana jijjigawa. Ni kuma na zauna daɓas a ƙasa cikin atamfata ta gayu. Tsoro nake ji, tsoron Baba, tsoron rasa Haidar, amma wanda ya fi su duka shi ne in wayi gari in ji ihun Keturah ta cikin ramin nan. Na jawo waya tun kafin in sake tunani.

Ni: Na janye roƙona. Ka faɗa musu. Bulo ya faɗo yanzu, Debbie tana kwance a wajen.

Na ɗauki hoto na tura. Nan take alamar ta koma shuɗiya.

Haidar: Muna mes, shugaban yana kusa da ni. Kin san abin da zai biyo baya. Kin tabbata?

Yatsana ya tsaya a kan waya. Na tuna ranar da ya fara raka ni bakin titin Sangere, yana ta zuba surutun gada da kwalbati don ya rasa abin faɗa. Na tuna leshin da na riga na kai wa tela saboda Asabar. Hawaye ya ɗiga a gilashin wayar, na goge da mayafi.

Ni: Eh.

Ban fi minti kaɗan da turawa ba na ji fito a waje. Baba ne. Ban taɓa jin Baba yana fito ba a rayuwata. Ya shigo hularsa a hannu, ɗaya hannun da ƙunshin balangu a takarda, fuskarsa fal annuri. Ko kallon guntun bulon bai yi ba, tsallake shi ya yi.

"Ina Dadarku? Fito ki ji! Kwamanda da kansa ya ba ni hannu. A gaban kowa ya ce Staf Salihu ya fitar da bariki kunya." Ya ajiye naman a kan tabarma ya dube ni. "Ke kuma me ya same ki kike zaune a ƙasa? Tashi. Yaron nan ɗan mutunci ne. Na ga inda idonsa ya tsaya, ya sani sarai, amma ya rufa mini asiri. Wanda ya yi mini haka zai riƙe mini 'ya. Ki ce manyansa su zo Asabar, na amince."

Dada ta fito daga ɗaki ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni tana cewa ba na faɗa miki ba. Maganar da na yi wata da watanni ina roƙon Allah in ji ke nan daga bakin Baba, ga ta ta zo bayan na riga na tura saƙon. Na buɗe baki zan ce Baba tsaya, akwai magana.

Sai wayar ta fara ruri a cinyata. Sunansa ya fito ɓaro-ɓaro, Baba ya gani.

"Shi ne? Kawo. Da bakina zan yi masa godiya."

"Baba, bari in fara..."

"Kawo mana, yau ba ranar kunya ba ce."

Ya karɓe ta daga hannuna, ya amsa, ya danna lasifika don Dada ma ta ji. Ya gyara murya zai yi sallama, amma Haidar ya riga shi, yana haki kamar mai sauri a tafiya.

"Naziha, na faɗa masa kamar yadda kika ce, na nuna masa hoton da kika turo. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce a juyo da motoci, da Kwamanda da RSM duka, yanzu za mu dawo gidanku. Kada ki bari a taɓa komai. Baba yana nan?"

Hannun Dada ya zame daga kafaɗata. A hankali Baba ya ɗago kai ya dube ni.